Yadda Ake Ɗaukar Hoto da Sautin Masu Sana'ar Hannu da Makaɗa a Ƙauyukan Tsaunin Mambila

Mai ɗaukar hoton da ya saba aiki a Kano ko Damagaram ya san abokan gabarsa biyu, ƙura da zafin rana. Idan ya hau Mambila sai ya tarar da waɗansu daban: danshi da ke shiga cikin gilashin kyamara, iska da ke cika makirfo da gurnani, da haske da ke sauyawa sau uku kafin a gama shan shayi. Tsaunin yana ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru, kuma yawancinsa ya kai wajen mita 1,600 sama da teku. A wannan yankin ne Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, mita 2,419. Mambilawa, Fulani, Kaka, Panso, Kambu da 'yan kasuwa Hausawa duk suna zaune a nan, kowa da sana'arsa da kiɗansa. Wannan jagora na mai son ya dawo da aikin da za a iya amfani da shi ne: jerin hotunan da ke nuna yadda ake yin abu daga farko har ƙarshe, da sautin da za a saurara ba tare da an yamutse fuska ba.

Lokaci da hanya

Damina a Mambila doguwa ce, takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ciyawa tana nan kore shar, sama ta wanke, hanyoyin ƙauye sun fara bushewa. Daga tsakiyar Disamba ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonar daji kan dushe tuddai masu nisa. A gefe guda kuma rani ne lokacin da manomi ke samun sukunin zama ya yi saƙa ko sassaƙa, maginiyar tukwane kuma ta sami yumɓunta ya bushe. Saboda haka idan aikin hannu ne ainihin abin da ya kai ka, kada ƙura ta hana ka zuwa a Janairu.

Daga Jalingo ana bi ta Bali zuwa Serti, a wuce Mayo Selbe inda hawan yake farawa, sai Maisamari, Nguroje, a ƙarasa Gembu. Ka ba tafiyar yini guda cur, kuma ka lissafa yadda za ka gama hawan da sauran rana. Daga manyan garuruwa zuwa ƙauyuka babur ne abin hawa, wani wurin ma ƙafa. Wannan shi zai yanke maka yawan kayan da za ka ɗauka.

Kayan da za ka ɗauka

Jaka ɗaya ta goyo, wadda ba ta wuce kilo 7 ko 8 ba. A cikinta kyamara ɗaya da gilashi biyu: mai zuƙowa na yau da kullum, kamar 24-70mm ko 18-55mm, da kuma 35mm ko 50mm mai buɗewa har f/1.8 saboda duhun ɗaki (lambar f tana nuna buɗewar idon gilashi, ƙaramar lamba ita ce mai shigar da haske da yawa). Na biyun ya fi muhimmanci, kuma shi ne ya fi araha. Batir uku. Memori ƙanana da yawa sun fi babba guda: 64GB na ɗaukar hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wajen 2,000 a kyamara mai megafiksel 24, to ka riƙe uku ko huɗu, in ɗaya ya lalace ba duka aikin ya tafi ba. Fawa bank biyu masu 20,000mAh, domin kada ka sa ran wuta a ƙauye. Farantin sola na ninkewa yana taimakawa da rani, amma ranar da gajimare ya sauko kan tudu kaya ne kawai.

Sai ƙananan abubuwan da mutane ke rainawa: farin yadi mita ɗaya da rabi, baƙin yadi irinsa, ledoji masu zif manya guda biyar, ƙwayoyin tsotsar danshi na silika wajen giram 100, robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, ƙyallen goge gilashi uku, ƙaramar rula, littafi da fensir. Fensir, ba biro ba, don tawada kan baje a takarda mai laima. Na sauti kuma ƙaramar rikoda mai makirfo biyu, rigar gashi ta makirfo, da abin saurare mai rufe kunne. Ka haɗa da rigar sanyi mai kauri da takalmi mai kama ƙasa. Jar ƙasar can idan ta sha ruwa santsi gare ta kamar an zuba kuɓewa.

Shiga gari

Kyamara ta zauna cikin jaka ranar farko. Nemi ɗan gari ya raka ka, wanda yake jin Fulatanci, domin shi ne harshen kasuwa da mu'amala a tsaunin, in an sami mai jin Mambilanci ma ya fi. A fara da gidan jauro ko mai gari, in rugar Fulani ce a fara da arɗo. Bayan gaisuwa, bayanin ya zama gajere kuma gaskiya: “Ranka ya daɗe, mun zo ne mu ga yadda ake aikin ƙwarya da tukwane a garin nan, mu ɗauki hoto da murya in an yarda. Za a sa su a intanet, mutanen nesa za su gani. Wanda bai so ba, ba za mu ɗauke shi ba.” Maganar intanet ɗin nan kada a ɓoye ta. Ita ce ke jawo rigima daga baya, ranar da ɗan gidan da ke karatu a Jalingo ya ci karo da hoton mahaifiyarsa a Facebook.

Izinin mai gari ba ya maye gurbin izinin mai sana'a. A tambaye ta ita ma, in matar aure ce a bi ta hannun maigidanta, kuma in da hali mace ta shiga cikin tawagar, don akwai tsakar gidan da namiji baƙo ba zai taka ba. A daidaita maganar kuɗi kafin a fara. Hanya mafi tsabta ita ce ka sayi abin da aka yi a gabanka a farashin da mai shi ya faɗa, ka ƙara ladan lokacin da ka cinye mata.

Abubuwa uku a kiyaye. Kada ka tambayi Bafulatani yawan shanunsa, kada kuma ka tsaya kana nuna garke da yatsa kamar mai ƙirga. Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro, balle ga iyaka kusa. Jirgi marar matuƙi kuwa sai da izinin hukuma a Najeriya, ga shi maganar fili tsakanin makiyaya da manoma a tsaunin tana da zafi, an yi rikici a kanta a 2017. Abin da ke shawagi a kan gona yana iya zama wa mai gonar alamar ana auna masa ƙasa.

Danshi

Gilashi yana yin gumi ne idan ya yi sanyi sannan ya shiga iska mai ɗumi da laima. A Mambila hakan na faruwa kullum da safe: kyamara ta kwana a ɗaki mai sanyi, ka ɗauke ta ka shiga madafa inda wuta ke ci, tukunya na tururi. Nan take komai ya yi fari. Goge gaban gilashin ba ya magani, minti ɗaya zai sake dawowa, kuma in ka cire gilashin a wannan hali gumin zai sauka har kan firikwensin kyamarar, wato farantin da ke kama hoto a cikinta. Maganin shi ne tun kana waje ka sa kyamarar cikin leda mai zif, ka matse iskar, ka rufe, ka shiga da ita ka ajiye minti 20 zuwa 30. Gumin zai taru a bayan ledar maimakon jikin kyamarar. Wannan jiran ba asara ba ne, lokacin gaisuwa ne da kallon yadda aikin ke tafiya.

Da dare a zuba kyamara, gilasai da rikoda cikin robar nan tare da silika. Irin mai launin lemo kan koma kore idan ta ƙoshi da ruwa, shuɗiya kuma ta koma ruwan hoda. Sai a baza ta a busasshen kasko kan wuta kaɗan, ana juyawa, har launin ya dawo. Shinkafa da wasu ke zubawa ba ta tsotsar abin kirki, garinta kuma yana shiga maɓallai. Wanda ya bar kayansa cikin jiƙaƙƙiyar jaka na makonni zai ga fumfuna ta yi zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashi, in ta daɗe kuma takan ci fentin gilashin har abada.

Hasken tudu

Rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 6:30, ta faɗi wajen wannan lokaci da yamma. Awa ɗaya da rabi na farko da na ƙarshe su ne na hoton fili: garke a gangaren tudu, layukan ganyen shayi a Kakara, rufin ciyawa tsakanin itatuwan turare. Da tsakar rana hasken saman tsauni ya fi na ƙasa kaifi, yana zuba baƙar inuwa cikin kwarmin ido. Wannan lokacin na shiga ɗaki ne.

Hazo na yaudarar kyamara. Tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, hoton ya fito toka-toka kamar an wanke shi da ruwan toka. Ka ƙara haske da +0.7 zuwa +1. In ta kasa kama abin da za ta daidaita a kai, nuna mata gefen wani abu mai duhu, ƙahon sa ko kututturen itace, ka kulle a nan. Kuma hazo shi kaɗai ba hoto ba ne, sai an sami wani abu mai duhu a gaba, mai tallar nono da ƙwarya a ka ko makiyayi da sandarsa a kafaɗa, sannan tuddan baya su jeru suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaukar aikin hannu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dawo da hoto ɗari na fuskar tsohuwa tana murmushi, babu ko ɗaya da zai nuna wa mai kallo yadda ta riƙe wuƙa. Kafin ka danna komai, ka sa mai sana'ar ta faɗa maka matakan aikin da bakinta, ka rubuta su, kowane da sunansa a harshenta. Wannan rubutun shi ne jerin hotunan da za ka nema. A kowane mataki kana bukatar hoto uku: na nesa mai nuna wurin zama da yadda jiki ya karkata, na kusa mai nuna hannuwa biyu da kayan aiki, da na saman kafaɗa mai nuna abin da idonta ke gani. Na ukun nan shi ne mai koyarwa.

Wurin da ya fi kyau shi ne bakin ƙofa daga ciki, taku ɗaya ko biyu, inda haske ke shigowa ta gefe. In can ta saba zama, falillahil hamdu. In ba can ba ne, ka roƙa sau ɗaya, in ta ƙi ka bar ta, domin mai aiki da aka ɗaga daga mazauninta hannunta kan sauya. Ka fara da f/2.8, saurin ƙiftawa 1/250 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin da kyamara ke jin haske) 1600, ka duba. Hannun mai aiki ya fi yadda ido ke zato sauri: a 1/60 fuska za ta fito tsaf amma yatsu su zama hayaƙi. Gara ka ɗaga ISO zuwa 3200 hoton ya yi ɗan tsakuwa da ya fito a birkice. Ɗan rakiya ya riƙe farin yadin a ɓangaren inuwa, kimanin mita ɗaya daga gare ta, ya mayar da haske kan kunci da hannu. Filasha a kashe. Tana daskarar da hoto, tana sa goshi ƙyalli, tana kuma firgita mai aiki da wuƙa. In akwai hasken ƙofa ko farin mayafi cikin hoton, kyamara za ta duhunta fuska, sai ka auna hasken a kan kuncinta kai tsaye.

Ƙwaryar Fulani, wadda suke kira tummude, ta fi komai wuyar ɗauka. Zanenta ƙananan ramuka ne da layuka, wasu da wuƙa aka yanke, wasu da ƙarfe mai zafi aka ƙona. In haske ya faɗo mata ta gaba, zanen ya ɓace, ta zama ƙwallo mai ƙyalli. Kifa ta a kan baƙin yadi, hasken ƙofa ya zo ta gefe ɗaya a kwance, kusan daidai da ƙasa, ta yadda kowane rami zai cika da inuwa. Rufe ido zuwa f/8 don ƙwarya mai lanƙwasa ce, a f/2.8 tsakiyarta kaɗai zai fito. Wannan zai sa ƙiftawa ta yi jinkiri, to ka ɗora kyamarar kan turmi ko jakarka, ka sa ta danna kanta bayan daƙiƙa 2. Ɗauki ɗaya daga sama tsaye, sannan ka juya ƙwaryar rubu'i-rubu'i ka ɗauki gefe huɗu, ɗaya kuma da rula a gefe. In ana ƙona zanen a gabanka, jira lokacin da bakin ƙarfen ya taɓa ƙwarya siririn hayaƙi ya tashi. Hayaƙin ba ya fitowa sai bayansa duhu ne, haske kuma na zuwa ta bayansa ko gefensa, don haka ka zagaya har duhun ɗakin ya zama bayan hannunta. Ka tambayi sunan kowane zane, da dama suna da suna, kuma hoto ba ya ɗauko suna.

Tukunya ba aikin yini ɗaya ba ce. Akwai haƙo yumɓu, dakawa da cuɗawa, ginawa, shanya a inuwa, goge jiki da dutse mai santsi, sannan ƙonawa. A sanyin tsauni shanyar kan ɗauki kwanaki fiye da yadda aka saba a ƙasa, kuma maginiya ba za ta gaggauta don kai ba, tukunyar da ba ta bushe ba fashewa take a wuta. Ka tsara zuwa biyu ko uku. Ranar ƙonawa ka sake neman izini, domin a wurare da dama ba a son idon baƙo a wajen, in tukwane suka fashe kuma kai za a tuna. In an yarda, tsaya inda iska ta ba ka baya, mita 3 ko fiye, ka rage haske da -1 don harshen wuta ya riƙe launinsa. Wutar ciyawa da sauri take ci, ka daidaita komai tun ana jera tukwane.

A maƙera kuma ka yanke abin da kake so: 1/500 na tsayar da masaba a sama, 1/30 na mayar da tartsatsi jajayen layuka. Sa gilashin kariya a gaban na kyamara, tartsatsi ɗaya ya isa ya bar tabo. Kada ka manta da mai zuga, rabin aikin a hannunsa yake.

Mai waya kaɗai ma zai iya yawancin wannan. Ya goge gilashin wayar, ya danna kan hannun mai aiki ya riƙe har haske ya kulle, ya ja baya kaɗan ya yi amfani da gilashi na biyu in wayar na da shi, don kusantowa da babban gilashin na kumbura hannu ya ƙanƙantar da kai. Ya guji tsarin nan mai dusashe baya, domin yana cinye bakin kwando da silin faifai, waya ba ta iya bambance su da bango.

Abin da ba a ɗauka

Mambilawa sun yi suna a duniya da sassaƙa: mutum-mutumin itace da ake kira tadep, waɗanda ake yi da ɓargon tukurwa da ake kira kike, da sassaƙaƙƙun fuskokin rufe fuska da ake kira suaga, galibi da fentin ja, fari da baƙi. Da yawansu yanzu suna gidajen tarihi da hannun masu tara kaya a Turai da Amurka. Waɗanda suka rage a gari, wasu ba kowa aka yarda ya gani ba. In an ce a'a, magana ta ƙare. In an nuna maka, ka kashe alamar wuri a waya da kyamara, kada kuma ka rubuta sunan ƙauyen a ƙarƙashin hoton, don hoton da ya faɗi inda abu yake jagora ne ga ɓarawo. Kada ka sayi tsohon abu. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba. Sabon aiki daga hannun masassaƙi mai rai shi ne abin saye.

Sauti da kiɗa

Mai kallo na yafe hoto mai ɗan duhu, ba ya yafe sauti marar kyau. Saita rikoda a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, 48kHz, 24-bit. Awa ɗaya na cin kimanin 1GB. Kashe tsarin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin duk bugun ganga zai danne muryar mawaƙi, in an yi shiru kuma ya ɗago kukan kaji. Ka sa makaɗin ya buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka daidaita har ma'auni ya tsaya wajen -12dB. Sararin da ka bari na guɗa ne. Mace ɗaya ta rangaɗa guɗa kusa da makirfo ta isa ta fasa sautin, abin da ya fashe kuma ba ya gyaruwa.

Iska ba ta hutawa a kan tudu. Soson da ke zuwa da rikoda ba ya tare ta, sai rigar gashi. Ka kunna matatar da ke yanke ƙananan sautuka a 80Hz ko 100Hz, amma ka kashe ta in babbar ganga kake ɗauka, don a can ƙasa muryarta take. Ka juya wa iska baya, jikinka ya zama katanga, ko ka koma bayan ɗaki. Waya a tsarin jirgin sama, in ba haka ba za ka ji tsit-tsit ɗinta cikin faifan. Abin saurare kuma ya zauna a kunne daga farko har ƙarshe. Kunnen mutum yana mantawa da injin niƙa da ke aiki a bayan gari, makirfo ba ya mantawa.

Ɗaki mai rufin ciyawa da bangon ƙasa shi ne mafi kyawun wurin ɗauka, ba ya amsa kuwwa. Rufin kwano yana sa sauti ya yi ƙarfe-ƙarfe, yayyafi kaɗan kuma ya mayar da shi kamar ana suya. Ga mai hoddu, ɗan'uwan molo a wajen Fulani, sa makirfo santimita 30 zuwa 40 daga gare shi, tsakanin bakinsa da ƙoƙon kayan kiɗan. In murya ta rinjayi tsirkiya ka sauke shi kaɗan, in tsirkiya ta rinjaya ka ɗaga. Ga mai sarewa, rabin mita, kuma ta gefe, kada makirfo ya fuskanci inda iskar bakinsa ke fita. Ga ganguna da masu amshi, ja baya mita 2 zuwa 3, ɗaga rikodar sama da kai, ka fi kusa da mawaƙa ka fi nesa da ganga, ita ganga za ta iso ko ba a gayyace ta ba. In masu rawa na da akayau a ƙafa, ɗauki minti ɗaya daban da makirfo a ƙasa.

Kada ka tsayar da waƙa a tsakiya don gyaran na'ura, kuma kada ka kashe da zarar kiɗa ya tsaya, ƙara daƙiƙa 10. A farkon kowane faifai ka faɗi kwanan wata da gari, makaɗin ya faɗi sunansa, sunan waƙar, lokacin da ake yin ta, da cewa ya yarda a ɗauka a kuma yaɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan abin da ya yi, don haka in akwai niyyar sayarwa ko sa waƙar cikin fim, wannan magana ce daban da kuɗinta daban. Daga ƙarshe ka roƙi kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 ka ɗauki shirun wurin, da shi ake cike giɓi wajen tacewa.

In kana haɗa bidiyo, sa firam 25 a daƙiƙa da ƙiftawa 1/50, shi ya dace da wutar Najeriya, fitilar janareta ba za ta riƙa rawa ba sosai. Wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara bayan an kunna duka biyun, da wannan tafin za a haɗa sauti da hoto. Hoton rawa tsayayye kuma yana son 1/500, ka durƙusa ƙasa, ka danna a lokacin da ƙafa ta bugi ƙasa ƙura ta tashi.

Aikin dare

Kowane dare, kafin barci, a kwafe abin da aka ɗauka zuwa wuri na biyu, waya ko ƙaramin faifan ajiya, kada kuma a goge memori sai an sauko. Kwafi ɗaya a jaka, ɗaya a aljihun riga cikin leda, saboda babur na iya faɗawa rafi. Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata, gari da sana'a, da haruffa marasa lanƙwasa, kamar 11-14_Nguroje_kwarya_001, don wasu kwamfutoci na rikita ƙ da ɗ. Sannan a zauna da ɗan rakiya a saurari waƙoƙin, ya fassara baiti-baiti tun yana tuna abin da aka ce, a rubuta lambar hoto kusa da sunan kowane mataki. Abin da aka bari sai an koma gida, rabinsa ya tafi.

Kafin a wallafa, a nuna wa masu aikin abin da aka ɗauka a allon kyamara, wanda suka ƙi a goge a gabansu. Waɗanda aka zaɓa a wanke su a takarda mai girman inci 5 da 7, a rufe su da leda mai zafi don danshin can na cinye hoto cikin damina ɗaya, a rubuta sunan mai hoton a baya, a aika ta hannun direban Gembu zuwa ga ɗan rakiya. Makaɗi kuma a tura masa waƙarsa a ƙaramin memori, a tsarin MP3, wanda rediyonsa ko ƙaramar wayarsa za ta iya buɗewa.